Tarihin Kurkunu da Yadda Aka Yi Yaƙi da Shi

Duk wanda ya tashi a ƙauye a ƙasar Hausa, in dai shekarunsa sun kai hamsin, ba ya bukatar a yi masa bayanin kurkunu. In bai yi shi da kansa ba, ya ga wanda ya yi. Ya ga ƙato majiyi ƙarfi zaune a gindin bishiya da tsakiyar damina, ƙafa a miƙe ta kumbura suntum, wani farin abu kamar zare ya leƙo daga idon sawu an naɗe shi a jikin tsinke, ga gona can ciyawa na neman cinye gero. Ya ga mai rarrafe, da mai jan gindi, da mai dogara sanda yana ɗingishi. Yaran yanzu kuwa sai dai su ji labari a bakin manya, gama tun bayan shekarar 2008 ba a sake ganin kurkunun da aka ɗauka daga ruwan Nijeriya ko na Nijar ba.

Abin mamaki a tarihin wannan ciwo shi ne har yau ba shi da magani. Ba ƙwaya, ba allura, ba lamba irin ta agana, amma duk da haka an ci shi da yaƙi. Abin takaici kuma shi ne tun shekarar 1870 aka gano hanyar da ya ke bi ya shiga jikin mutum, amma sai da aka yi shekara fiye da ɗari kafin a tasam masa haiƙan. Me ya kawo wannan jinkiri, kuma me ya kawo ƙarshensa? Abin da za mu bi diddiginsa ke nan.

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu san abokin gaban. Kurkunu wata irin tsutsa ce, fara, siririya, doguwa. Macen, wadda ita ce mu ke gani tana fitowa, takan kai tsawon yadi guda. Namijin ɗan guntu ne, bai kai inci biyu ba, kuma da ya sadu da macen a cikin jikin mutum sai ya mutu, ba mai ganinsa. Ita kuwa macen sai ta yi ta girma, cikinta ya cika maƙil da 'ya'ya dubu ɗaruruwa. In lokacin haihuwarta ya yi, sai ta bi ƙarƙashin fata ta gangara, galibi zuwa ƙafa, gama tara cikin goma a ƙafa su ke fitowa, ko a ƙwauri, ko a idon sawu, ko a bayan ƙafa. A nan za ta tayar da bororo mai raɗaɗi kamar an ɗora garwashin wuta.

To, mutumin da ƙafarsa ke zogi kamar wuta, me zai nema? Ruwa. Sai ya lallaɓa ya tafi kududdufi ya tsoma ƙafar don ya ji sanyi. Ashe abin da tsutsar ke jira ke nan. Da ta ji ruwa sai ta feso wani farin abu kamar madara, wanda ba kome ba ne illa 'ya'yanta. A cikin ruwan da ke kwance akwai waɗansu 'yan ƙwari ƙanana ƙwarai, waɗanda a ke kira ƙumar ruwa. In ka ɗebi ruwan a kwalba ka ɗaga ta wajen haske ka ƙura ido, za ka gan su fari-fari suna tsalle. Su ne ke haɗiye 'ya'yan kurkunu. 'Ya'yan sukan yi kamar mako biyu a cikinsu su ƙosa. Wanda ya zo ya sha wannan ruwa ba tacewa, ya haɗiye ƙumar da abin da ke cikinta. Ƙumar ta mutu a cikinsa, 'ya'yan kurkunu su huda hanji su shige cikin nama. Daga nan shiru, ba zafi ba ƙaiƙayi, har wata 10 zuwa 14, sa'an nan sabon bororo ya tashi.

Wannan shekara guda da ke tsakanin shan ruwa da fitowar tsutsa ita ce ta ɓad da mutane tun zamanin dā. Wa zai haɗa ciwon ƙafar bana da ruwan da ya sha bara? Shi ya sa waɗansu suka ce gado ne a jini, waɗansu suka ce sammu ne, waɗansu suka ce kowa da kurkununsa a jiki, in ya ga dama ya tashi. Ba wauta ba ce ta sa su faɗin haka. Manyan malaman likita na duniya ma sun yi ƙarnuka suna irin wannan lalube, kamar yadda za mu gani.

Har wa yau wannan shekara guda ita ce ta sa ɓarnar kurkunu ta yi yawa. A ƙasashenmu na Arewa da damina kududdufai ke cika, da damina mutane ke shan ruwansu a bakin gona, sabo da haka da damina tsutsar ke fitowa, daidai lokacin shuka da noman firi da maimai. A Kudu kuwa, inda rafuka ke gudu da damina, sai da rani ya ke tashi, sa'ad da ruwa ya janye ya bar gurabe. Kurkunu ba kasafai ya ke kisa ba, amma yana kwantar da mutum kamar wata biyu, wani har uku. Ba ya fita a rana ɗaya. Kullum a jawo ɗan kaɗan a naɗe a tsinke, gobe a ƙara, a yi mako da mako ana yi. In gaggawa ta sa ya tsinke, sauran ya koma ciki, ƙafa ta haye ta tara mugunya. A nan ne a ke kiran wanzami ya yi sakiya, watau ya gasa ƙarfe ya yi ja, ya huda kumburin. Wanda ya taɓa ganin ana yi ba ya mantawa. Wani a jikinsa biyar za su fito, wani goma. In ya ratsa ta gwiwa ko idon sawu gaɓar ta ruɓe, takan sandare, mutum ya gurgunce har ƙarshen ransa. In kuwa datti ya shiga gyambon, yakan jawo ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki, wanda shi kam yana kisa. Kuma yin sa bana ba ya hana yin sa baɗi. Dogonawa na ƙasar Mali sun laƙaba masa sunan da ya dace da shi, suna ce da shi ciwon rumbun da ba hatsi. A shekarar 1987 an yi lissafi a wani yanki na manoman shinkafa a kudu maso gabashin Nijeriya, aka tarar suna asarar kimanin dala miliyan 20 kowace shekara sabo da shi kaɗai.

Kurkunu tsohon ciwo ne ƙwarai. Akwai wata takardar likitancin Masarawan dā da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda masana da yawa ke ganin tana maganar yadda a ke fid da shi. A shekarar 1975 kuma, da masana a birnin Manchesta na Ingila suka binciki wata tsohuwar gawar yarinya irin waɗanda Masarawa ke busarwa su naɗe, sun sami mataccen kurkunu ya ƙandare a jikinta. Wani malamin Yunanawa mai suna Agatarkidis, wanda ya rayu a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin mutanen gaɓar Bahar Maliya, ya ce waɗansu 'yan macizai kan leƙo daga ƙafafunsu da hannuwansu, in an taɓa su su koma ciki su ta da kumburi mai tsanani. Duk wanda ya san kurkunu ya san shi a ke nufi. Amma Jalinusu, babban likitan zamanin Rumawa, wanda bai taɓa ganin ciwon da idonsa ba, ya yi shakkar ko abu mai rai ne, ya fi ɗaukarsa wata irin jijiya ce.

Likitocin Musulunci sun san shi sarai, don a ƙasashensu ya ke. Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Buhara a shekarar 980, ya yi bayaninsa a cikin babban littafinsa na likitanci, Alƙanun, da sunan da Larabawa ke kiransa, watau jijiyar Madina, domin a wancan zamani ya yawaita a wannan yanki. Ka ga ko a sunan ma ana ta gardamar nan ta ko jijiya ce ko tsutsa. Da Turawa suka fara zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, wadda su ke kira Gini, suka tarar da shi, sai suka sa masa tsutsar Gini, sunan da ya bi shi a bakinsu har yau. Jiragen cinikin bayi sun ƙetara da shi cikin ƙafafun bayin Allah zuwa Barazil da tsibiran Karebiyan, ya ɗan zauna a waɗansu wurare, daga baya ya ɓace. A shekarar 1758 Linne, masanin nan na ƙasar Suwidin mai raɗa wa halittu suna, ya sa shi cikin jerin tsutsotsi. Gardamar jijiya ta mutu, amma ba wanda ya san ta inda ya ke shiga.

Wanda ya warware wannan ƙulli wani saurayi ne Barashe, Alekse Fedcenko. Ya tafi ƙasar Turkistan, wajen Samarƙand da Buhara, inda ciwon ya yi katutu, mutanen wurin suna ce masa rishta, watau zare. Ya ɗebi 'ya'yan kurkunu ya zuba cikin ruwa mai ƙumar ruwa, ya yi ta dubawa da madubin likita, har ya ga sun shiga cikin ƙumar suna girma. A shekarar 1870 ya bayyana abin da ya gani, ya ce lalle ta shan ruwa mutum ke ɗauka. Bai daɗe ba bayan wannan, ya mutu a 1873 wajen hawan dutsen ƙanƙara a ƙasar Faransa, yana da shekara 29. A shekarar 1905 wani likita daga Landan, Robert Leiper, ya zo Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yanzu, ya ba birai ƙumar da ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu, daga baya ya sami tsutsar a jikinsu. A 1913 kuma wani likita Ba'indiye mai suna Turkhud ya gwada da mutanen da suka yarda suka sha, a birnin Bambai, bayan kusan shekara kurkunu ya fito wa ɗayansu. Magana ta ƙare.

Rashawa ne suka fara nuna cewa wannan sani yana da amfani. Birnin Buhara, garinsu Imamu Buhari mai hadisai, yana da tafkuna ginannu da dutse masu matakala, inda masu sayar da ruwa ke shiga har gwiwa su cika salkunansu. Su ne suka fi kowa kamuwa, su ne kuma ke ƙara zuba iri a ruwan. Daga shekarar 1923 wani likita mai suna Isayef ya jagoranci aikin. Aka bi gida gida aka rubuta masu ciwo, aka hana su shiga ruwa, aka zurare tafkuna aka rufe waɗansu, aka jawo wa birnin ruwan famfo. A shekarar 1931 aka ga kurkunu na ƙarshe a wurin. Cikin shekara takwas an gama da ciwon da ya yi shekara fiye da dubu a garin.

To, in haka ne, me ya hana a yi irin wannan a sauran ƙasashe? A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya. Kurkunu ciwon mutumin ƙauye ne, ƙauyen ma wanda ke can inda hanyar mota ta ƙare. Ba ya kama mai shan ruwan famfo, ba ya kama mai shan rijiya mai baki wadda a ke ja da guga, ba ya kama Bature ko ma'aikacin gwamnati da ke birni. Ba ya zubar da gawa kamar agana ko sanƙarau, balle hankalin hukuma ya tashi. Hukumomin zamanin Turawa sun fi mai da hankali ga waɗannan, da ciwon barci da kuturta. Gaskiya ne an haƙa rijiyoyi masu bakin siminti a garuruwa da dama, kuma duk inda suka wadata kurkunu ya ragu, amma rijiyoyin ba su kai ko'ina ba. Bayan samun mulkin kai ma abin bai sake zani ba. Wani abin kuma, mai kurkunu ba ya zuwa asibiti. Da wace ƙafa zai je? In ma ya je, ba maganin da za a ba shi. Tun da ba ya zuwa, sunansa ba ya shiga littafi, tun da ba ya cikin littafi, in aka tara lissafin shekara sai a ga kamar ciwon bai taka kara ya karya ba. Haka aka yi ta tafiya, ƙauye guda rabin mutanensa na kwance, a takarda kuwa lafiya lau.

Abin da ya farkar da mutane shi ne nasarar da aka samu a kan agana. A shekarar 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da agana daga doron ƙasa baki ɗaya, ciwo na farko da ɗan Adam ya taɓa yi wa haka. Likitocin da suka yi wannan aiki suka fara tambayar wane ne na biyu. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Donald Hopkins, baƙar fatar Amurka wanda ya yi yaƙi da agana a Saliyo, ya nuna kurkunu. Hujjarsa ita ce, tsutsar ba ta iya cika rayuwarta sai ta bi ta ruwa a kowace shekara, sabo da haka in aka tsare ruwan gari damina guda ba wanda ya zuba masa iri, ba wanda ya sha ƙuma, shi ke nan, an yanke zuriyarta a garin. Ya zo daidai da lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 don samar wa jama'a ruwan sha mai tsabta. Indiya ta fara nata yaƙin a 1983. A Nijeriya kuwa malaman jami'a irin su Farfesa Oladele Kale na Badun, da Farfesa Luke Edungbola na Ilori, da Farfesa Eka Braide ta Kalaba, sun yi ta shiga ƙauyuka suna bincike, suna kai kuka wurin hukuma.

Sai a 1986 aikin ya sami uba. Jimmy Carter, wanda ya yi shugabancin Amurka daga 1977 zuwa 1981, asalinsa manomin gyaɗa ne, ya san abin da a ke nufi da manomi ya kwanta da damina. Cibiyar da ya kafa bayan saukarsa ta ɗauki nauyin jagorantar yaƙin. A wannan shekara an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa kowace shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A 1988 ya ziyarci waɗansu ƙauyuka kusa da Ankara, ya ga wata matashiya da kurkunu ke fito mata a nono. Ya sha ba da labarin nan har tsufansa.

Aikin farko da aka yi a Nijeriya shi ne wanda aka ƙi yi shekara da shekaru, watau ƙidaya. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, cikin 1988 da 1989, aka baza ma'aikata ƙauye ƙauye da hoton kurkunu a hannu suna tambaya. Da aka haɗa lissafi sai aka sami mutum sama da 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawa a duniya a lokacin. Gana ta ƙidaya nata a 1989 ta sami wajen 180,000. Nijar ta yi a 1991 ta sami wajen 33,000, mafi yawansu a yankin Damagaram. Daga ranar da waɗannan alƙaluma suka fito, ba wani mai mulki da zai iya cewa bai sani ba.

Makaman yaƙin kuwa, in ka ji su sai ka raina. Na farkonsu ƙyalle ne. Kamfanin DuPont na Amurka ya ba da kyautar wani yadi mai ƙananan idanu, wanda ruwa ke wucewa ƙuma ba ta wucewa, aka yayyanka aka raba wa matan gida su ɗaura a bakin tulu ko randa. Aka sami wani maganin ƙwari mai suna Abate, wanda in an auna an zuba a kududdufi wata wata yakan kashe ƙumar bai cuci mutum ko dabba ba. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse inda kuɗi ya samu, ko da ya ke waɗannan suna da tsada, kuma famfo in ya lalace ba mai gyara sai a koma gidan jiya. Don manoma da makiyaya da matafiya, waɗanda ƙishirwa kan kama nesa da gida, aka ƙago wani ɗan bututu mai rariya a baki, a rataya a wuya kamar laya, a tsoma a zuƙa.

Amma duk waɗannan kaya ne kawai. Wanda ya yi yaƙin na ainihi shi ne mutumin da aka zaɓa a kowane ƙauye, ɗan garin, wanda ya iya ɗan rubutu, aka ba shi littafi da alƙalami da bandeji. Shi ne ke zagayawa gida gida ya duba ko ƙyalle ya yage, ya rubuta sunan duk wanda bororo ya tasar wa, ya wanke gyambon ya ɗaure, ya roƙe shi kada ya kusanci ruwa, ya nemi wanda zai riƙa ɗebo masa. Ƙa'ida ita ce a gano mai ciwo kafin kwana ɗaya ya cika da fitowar tsutsar. Kowane wata ya miƙa lissafinsa ga na gaba da shi, har ya kai hedkwata. Yawancinsu ba albashi su ke karɓa ba. Kuma ba su sami abin da sauƙi ba, don ba ƙaramin aiki ba ne ka gaya wa dattijo cewa tafkin da kakansa ya sha shi ne ke gurgunta jikokinsa. A waɗansu wurare an hana zuba magani a ruwa don ana ganin na tsafi ne, a waɗansu an ce ruwan da aka tace ba shi da daɗi. Dabarar da ta fi ci ita ce a tace ruwan garin a gaban jama'a, a juye abin da ya rage a ƙyalle cikin kwalba, a miƙa wa mai gari ya ɗaga ya ga ƙwarin suna tsalle da idonsa. Gani ya kori ji.

An yi alkawari a taron lafiya na duniya a 1991 cewa za a gama kafin ƙarshen 1995. Ba a cika ba. A Nijeriya lissafi ya faɗi da sauri a shekarun farko, sa'an nan ya tsaya cik, kuɗi ya yi ƙaranci, gwiwar ma'aikata ta yi sanyi. A 1999 akwai sauran wajen mutum 13,000. A wannan lokaci ne Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki ƙasar daga 1966 zuwa 1975, ya shiga aikin. Ya riƙa zuwa ƙauyukan da kansa, ya zauna da masu ciwo, sa'an nan ya wuce wurin gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ya nemi alkawarin rijiya, bayan watanni ya dawo ya tambayi ina aka kwana. Mutum irinsa ba a iya barinsa a bakin ƙofa. Janar Amadu Tumani Ture ya yi irin wannan a Mali da maƙwabtanta. A Sudan kuwa, inda yaƙin basasa ya hana shiga Kudu, Carter ya shawo kan ɓangarorin biyu a 1995 suka ajiye makamai wajen wata shida don ma'aikatan lafiya su wuce, har a ke kiran wannan da tsagaita wutar kurkunu.

A shekarar 2008 mutum 38 kaɗai aka samu a Nijeriya duka, ta ƙarshensu wata manomiya ce a wani ƙauye na Jihar Inugu, cikin watan Nuwamba. Nijar ma a wannan shekara ta ga nata na ƙarshe. Amma ba a ba ƙasa shaida sai ta yi aƙalla shekara uku ana nema ba a samu ba, har da sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo labarin mai kurkunu. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya da Nijar takardar shaidarsu. Gana ta ɗan makara. Ruwan famfon Tamale ya lalace, mutanen Sabelugu da kewaye suka koma shan ruwan madatsa, ciwon ya ɓarke a 2007. Aka sake ɗaura ɗamara, aka ga na ƙarshe a 2010, ta sami tata shaidar a 2015.

Saura ƙiris a gama sai wani abu ya ɓullo wanda ba a zata ba. Ƙasar Cadi ta yi shekara goma ba ta ba da labarin kowa ba, sai ga shi a 2010 an sake ganin masu kurkunu jefi-jefi a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari. A 2012 aka lura karnuka ma yana fito musu a ƙafa, kuma da aka gwada aka tarar irin na mutane ne sak. A shekarar 2019 karnukan da aka samu da shi a Cadi sun kusa 2,000. Masana suna ganin ta hanyar cin hanjin ɗanyen kifi da kwaɗi su ke ɗauka, ban da shan ruwa. Kare kuwa ba a yi masa wa'azi, ba a rataya masa bututu. Sai aka koma biyan masu karnuka lada su ɗaure su lokacin da ciwon ke tashi, ana roƙon masu gyaran kifi su riƙa binne hanjin. An kuma sami ciwon a jikin dabbobi a Mali da Habasha da Angola da arewacin Kamaru.

A cikin mutane dai lissafi ya yi ƙasa ƙwarai. A 2022 mutum 13 aka samu a duniya duka, a 2024 kuma 15, a Cadi da Sudan ta Kudu. Jimmy Carter ya taɓa cewa burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Allah bai nufa ba, ya rasu ran 29 ga Disamba 2024, yana da shekara 100. Wa'adin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa na gamawa shi ne shekarar 2030, kuma ba za a ba da shaidar ba sai ya ƙare a jikin dabbobi kamar yadda ya ƙare a jikin mutane. Tun da Cadi da Kamaru suna iyaka da Nijeriya, Cadi kuma tana iyaka da Nijar, masunta da fatake da makiyaya na kai da kawowa, kurkunu yana nan cikin jerin cututtukan da ma'aikatan lafiya na ƙasashen biyu ke kai rahotonsu nan take in an ji ko da jita-jitarsu.